Awakina da Allurar Mahfuza

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ni Zuwairatu 'yar Malam Daudu, ta Karare, ina wannan magana da hankalina garau, ƙafafu ne kawai suka gaza. 'Ya'yana Uzairu, Mahfuza da Ƙasimu, ku saurara.

1. Gona da gida a raba yadda shari'a ta tsara. Babu bakina a ciki.

2. Sulusin da addini ya bar mini na zaɓe shi cikin awaki, na ba da su ga gwajin rigakafin da Mahfuza da abokan aikinta ke yi. Kun tuna shekarar da ɓarayin daji suka kore shanun mahaifinku. Awaki suka rage mana, su ma annoba ta faɗa musu, majina da zawo, kullum muna jan mushe zuwa bayan gari. Waɗanda suka tsira na sayar, da kuɗinsu Mahfuza ta karanta likitancin dabbobi. Yau tana cikin masu haɗa allurar da ake kira mRNA. Ta ce ba ƙwayar cuta ake zuba wa dabba ba, saƙo ne jiki ke karɓa ya gane cutar tun ba ta zo ba. Ba ta ɓoye mini cewa gwajin na iya faɗuwa ba. Amma ranar da ta tsaya ƙofar mai gari tana yi wa dattawa bayani da Hausarmu, suna gyaɗa kai, na ji babu uwar da ta fi ni a ƙasar Batsari.

3. Uzairu, ka ce allurar za ta hana awaki haihuwa, tun daga nan ka daina gaisawa da ƙanwarka. Tsoronka na makiyayi ne, ban raina shi ba. Kai za ka riƙe kiwon awakin gwajin. In sun haihu ka faɗa a kasuwa, in sun mutu ka faɗa. Mahfuza, ke za ki fara zuwa gidansa, yayanki ne.

4. Jar akuyar nan ba ta cikin rabo. Na riga na ba Hafsatu matar Ƙasimu, wadda ta yi jinyata ba ta taɓa ɗaure fuska ba.

Na yafe muku, ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya raya zuri'arku. Duk Sallah ku haɗu a tsakar gidan nan ku ci tuwo a kwano ɗaya, ko da kuna fushi da juna.