Farin Zare Don Boadu

Kumasi

Zuwa ga yayata Afrakoma,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya ƙafar taki?

Yaya, albishirinki! Kin tuna injin fasa ƙwarar manja da marigayi mijina Boadu ya ƙera a unguwar makanikai ta Suame, wanda kike ce wa kishiyata? Lauyan da ya nema a Amurka kafin rasuwarsa ya rubuto. Ya ce ni matarsa zan iya rantsuwa a madadinsa, a rubuta cewa ƙirƙirarsa ce, kada wani ya riga mu.

Na je birnin Akara, ofishin jakadancin Amurka. Na ɗaga hannu na ce mijina ne ya fara ƙera shi. Muryata ta karye wajen sunansa. Jami'in ya huda takardun, ya zura jan zare mai faɗi ta cikinsu duka, ya haɗa bakinsa biyu ya danna hatimi. Na kawo gida surukata Maame Dufie ta gani, ai ɗanta ne. Gobe zan aika.

Ƙanwarki,
Pokuaa

Kumasi

Yaya Afrakoma,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ki zauna tukuna ki ji.

Lauya ya maido da takardun. Ashe da na tafi kasuwa, Maame ta ga jan zare ta ce ja na makoki ne, mu kuwa mun fita takaba mun sa fararen kaya, ɗanta ba zai ƙetare teku da kayan mutuwa ba. Ta sa almakashi ta yanke shi, ta ɗaure da farin zare, ta rufe ambulan. Lauya ya ce in zare ya yanke rantsuwa ta faɗi, don wa ya san ko an sauya takarda? Wa'adi kuma ya matso.

Na yi kuka kamar ranar binne Boadu. Na kasa yi wa Maame faɗa. Ita ma ta ƙi cin sakwararta.

Muka hau mota tare muka koma Akara. Na sake rantsuwa, wannan karon murya ba ta karye ba. Da jami'in ya jawo jan zarensa, sai tsohuwa ta riƙe masa hannu, ta fito da nata daga bakin zane, ta ce in gaya wa ɗan nan ko dokarsu makauniya ce ba ta ganin launi. Na fassara ina jin kunya. Ya yi dariya ya ce doka ba ruwanta da launi, hatimi take so. Ya zura farin, ya danna.

Yau amsa ta zo, Yaya. Amurkawa sun karɓa, da sunan Kwaku Boadu a sama. Maame ta shafa farar ƙasa a hannuwa tana rawa a tsakar gida, tana ta cewa ita ta gyara aikin. Na bar mata.

Ki zo Lahadi, ki sa farare.

Taki har kullum,
Pokuaa