Jigidar Dutse

Al-Sih, Madina
Rajab, 1424

Zuwa ga matata Mero,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Inna da kowa na gida. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan 'yarmu Sundus, ya sa mai ceto ce.

Kin ce wasiƙuna sun gajarce. Gajiya ce, Mero. An kawo wa sashenmu na binciken kayan tarihi wasu duwatsun ado da aka tono a wani kabari arewa da Madina, na mutanen da suka rayu tun ba a san ƙarfe ba. Mudir, shugaban sashe, ya ce in gano yadda suka huda su, kuma da wannan aikin za a duba ko a sabunta mini kwantiragi. Kullum ina durƙushe da jan dutse irin na tsakiyar da mata ke ado da ita. In goga shi a kan wani dutsen har ya mulmulu, in ɗaura tsinin dutsen ƙanƙara a bakin kara, in yi ta murzawa da ɗan baka mai tsirkiya, ina zuba yashi da ruwa. Sai ramin ya kusa ɓullewa, dutsen ya tsage. Yatsuna duk sun yi kanta, bayana ya riƙe. Ko Harami sai Juma'a nake iya zuwa.

Ki gaida Inna.

Mijinki,
Usmanu

Al-Sih, Madina
Ramadan, 1424

Mero,

Ina gaishe ki, ya ibada? Ya ƙafar Inna?

Dutsen ya hudu. Ashe ta gefe biyu suke hudawa, ramukan su haɗu a tsakiya. Na ɗauka zan yi murna.

A ranar ne Dakta Saif, abokin aikina da ya yi tonon, ya gaya mini inda ya same su: a ƙugun wata yarinya, ko haƙoran nono ba ta zubar ba. Jigida ce. Na sa su a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu, na ga zare ya cinye bakin ramukan, cin da shekarun yarinyar ba za su isa su yi ba. Na uwarta ne. Ta cire daga jikinta ta ɗaura mata kafin a rufe ta.

Mutanen nan ba su da ƙarfe, ba su da jirgi, amma suna wurin lokacin da aka rufe 'yarsu. Sundus kuwa ke kika riƙe ta har ta cika, ni ina nan ina jiran izinin fita da bai fito ba.

Mudir ya yi mini tayin ƙarin shekara biyu. Na yi godiya, na ce a'a. Ya yi ta lallashi, ban ma da ƙarfin yi masa bayani.

Ina tafe bayan Salla, in sha Allahu. Kada a tara jama'a. Ki roƙar mini yayanki Abdulƙarim, tunda shi ya sa ta a kabari, ya raka ni ya nuna mini inda take.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki,
Usmanu