Reshen Bakin Lambatu

Santiago, Yuli

Maritza jikata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin bana bai cinye miki yatsu ba. Ni ina nan hawa na tara a gidan kawunki, an ajiye ni kamar tsohon kwando, ba a zubar ba, ba a kuma ɗauka.

Na ji wanda ya sayi gonarmu ta Chimbarongo zai tumɓuke komai kafin ƙarshen hunturu. Ya kwashe mimbre ɗin, na yafe, ai saƙa kwanduna da shi ne ya ƙandarar min da hannu. Amma akwai ɗan itacen ado da marigayi kakanki Nibaldo ya dasa min a bakin lambatu. Dangin mimbre ne, sai dai ganyensa fari da ruwan hoda, rassansa ja. Bai taɓa saya min ko fure ba, wannan ne kaɗai. Ki yanko min reshe mai kaurin yatsa, ki naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Saurayin nan naki mai kunnuwan faranti ya ɗaga miki wayar shinge, ya yi amfani ko sau ɗaya.

Kakarki,
Eduvigis

Chimbarongo, Agusta

Kaka,

Barka da hutawa. Na je, amma itatuwan duk sun kaɗe ganye, kowanne kamar ɗan'uwansa. Na zaɓi wanda ya fi ja a bakin ruwan. Washegari katafila ta share wurin tas. Na ba direban bas reshen ya kawo miki. Kuma saurayina sunansa Ulises, Kaka, kunnuwansa lafiya lau.

Taki,
Maritza

Chimbarongo, Oktoba

Kaka, kin yi shiru. Ya toho? Shi ne?

Maritza

Santiago, Oktoba

'Yar nan,

Ya toho. Ganye dogo, kore shar. Mimbren kwando ne, ba na kakanki ba. Na gudo birni, ja'irin ya biyo ni har sama. Na yi dariya har kawunki ya leƙo, daga baya kuma abinci ya ƙi shiga.

Kada ki yi kuka. Ko ni na je, da wannan idon, tsintsiya zan yanko.

Kawunki ya ce a zubar. Na ce wanda ya taɓa tukunyar da na dasa shi a ciki ya nemi wata uwar. Mimbren nan shan ruwa gare shi kamar kakanki ranar biki, safe da yamma ina jan ƙafa ina ba shi.

Ki aiko min da wuƙata ta saƙar kwando. Baɗi zai isa yanka.

Ki huta lafiya,
Eduvigis