Ɓawon Kwakwa Ya Tsira Daga Gara

Yaya Sabi'u,

Assalamu alaikum. Ya Ikko, ya aiki, ya Hajiya da yara? Mu nan Yankara lafiya lau.

Albishirinka! Ɓawon kwakwar da ka aiko a motar shanu ya tsira. Da na shanya shi ƙasa kamar barkono, gara ta far mashi, ga ruwan sama. Sai na kafa gadon kara, na zuba toka a ƙafafun, na rufe da farar leda. Ya bushe ƙarau! Wani mai renon dashen tumatir ya kwashe duka don ya shuka iri a cikin garinsa maimakon ƙasa, yana cewa, "Malam, akwai saura?"

Ka ƙaro, amma kar direba ya ji amfaninsa. Har yanzu dariya yake mani, wai shara yake kawowa.

A sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Ƙaninka,
Lawal