Ranar da Baba Ya Ga Dell a Majigi

Gidan gona, kusa da Dalhart, Texas
14 ga Nuwamba, 1955

Zuwa ga Yayana Orval,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Maxine da yara. Allah ya kare ku daga sanyin Alaska, ya yi albarka a aikin jirgin ƙasa, ya raya mana Twila da ƙanwarta. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwar Baba tana taɓa shi idan gari ya yi sanyi, amma ka san shi, ba ya yarda a ce ba shi da lafiya. An ɗan samu ruwa a watan Satumba, shanu sun fara murmurewa. Goggo Opal ta sa sababbin haƙora, yanzu ba ta da aiki sai murmushi, har wa mai kawo wasiƙa.

Yaya, nemi kujera ka zauna kafin ka ci gaba. Autanmu Dell ya fito a fim! Ba waƙa ya rera a gefe aka wuce ba, shi ne jarumin gaba ɗaya, fim ɗin kaboyi mai launi da waƙoƙi shida, kuma na gan shi da idona a silimar garinmu, fuskarsa ta fi ƙofar rumbunmu girma. Na ɓoye maka tun bazara ne domin shi ya roƙe ni, ya ce kada kowa ya ji sai an ga yadda abin zai kaya. Yanzu bari in ba ka labarin tun daga tushe.

Ka san yadda suke kiransa a rediyo, wai kaboyi mai zaƙin murya wanda aka haifa a kan sirdi. Ka ga hotunan da ke jikin faya-fayansa, ga malafa, ga jita, ya jingina da shinge. To ni da kai mun san dalilin da ya sa kullum shinge ne ba doki ba. Tun ranar da ɗanyen dokin nan ya kayar da shi yana ɗan shekara tara, ya ja shi a ƙasa har ya karya masa ƙugu, Dell bai sake kusantar likkafa ba. Shekara goma sha bakwai ke nan.

A watan Afrilu sai ga shi ya shigo gona cikin wata doguwar mota ruwan ƙwai, ba sanarwa. Ya same ni a kicin ina murza fulawa, ya ja kujera ya ce, "Lorene, na sa hannu a takardar fim. Waƙa uku a kan doki zan yi su." Na yi dariya har fulawa ta shiga mini hanci. Na ce, "Kai ɗin? Kai da ko dokin katako na kasuwar baje koli sai ka zagaye shi?" Shi kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya ce masu fim ba su tambaye shi ko ya iya hawa ba, domin wa zai tambayi kifi ko ya iya iyo, shi kuma kunya ta hana shi faɗa. Saura mako bakwai a fara ɗauka. In suka gane, za su ba wani, jaridu kuma su yi ta yi da shi har mutane su daina sayen faifansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, Yaya, ga shi ya zo ƙarshen nasa.

Kwana biyar ina fama da shi a bayan rumbu. Da ya sa ƙafa a likkafa sai gumi ya karyo masa, fuskarsa ta yi fari fat, ya sauko. Na yi lallashi, na yi faɗa, har raggo na kira shi, Allah ya yafe mini. Duk wannan Baba yana zaune a baranda yana kallonmu. Ka san tun da Dell ya ɗauki jita ya bar gona, maganarsu ba ta wuce ina kwana da yaya hanya.

Rana ta shida sai ga Baba yana ɗingisawa, yana jaye da tsohuwar goɗiyar nan Maybelle. Ya ce mini, "Matsa can, ke kin cika baki." Ya miƙa wa Dell buroshi ya ce yau ba hawa, ya goge ta kawai. Kwana uku Dell yana goge goɗiya, yana ba ta ruwa, yana share mata kofato, mutumin da 'yan mata ke suma in ya ɗaga gira. Rana ta huɗu Baba ya ce, "To yi mata waƙa mana, tunda abin da ka iya ke nan." Dell ya ɗauka gatse ne, amma ya fara a hankali, goɗiya ta juyo kunnuwa, ta sunkuyar da kai. Baba ya ce, "Ka gani? In kana waƙa kana numfashi. In kana numfashi ita ma hankalinta kwance. Hau." Ya hau, Yaya! Yana waƙa muryarsa na karkarwa, Baba na riƙe da linzami, suka zagaya fili sau biyu. Ni kuwa na laɓe bayan tarin ciyawa ina share hawaye da gefen riga.

Daga nan inda nake ne na ji abin da ban taɓa zaton zan ji ba. Baba yana gyara ɗamarar sirdi, bai ɗago kai ba, ya ce, "Wancan dokin bai isa hawa ba, na kuma sani. So nake in nuna wa maƙwabta ɗana jarumi ne. Ba kai ka faɗi ba, ni na kayar da kai." Dell ya ce, "Baba, ya wuce." Baba ya ce, "A wurinka. Sauke duddugenka ƙasa." Iyakar maganar ke nan. Kafin makonnin su cika, Dell yana sukuwa har bakin rafi ya dawo. Sannu ba ta hana zuwa.

A watan Yuni ya matsa sai na bi shi Arizona inda ake ɗaukar fim ɗin. Wayyo Yaya, gani ya kori ji! Gari guda suka gina a tsakiyar daji, da banki da otal da ofishin sherif, wato shugaban 'yan sandan gari, amma in ka zagaya baya ba komai sai gumagumai da suka tokare bango. Na buɗe ƙofar otal don in sha inuwa, sai na tsinci kaina a fili ina kallon wani yana cin burodi. Zafi kuwa kamar a bakin murhu, ana bin 'yan wasa da hoda ana shafe musu gumi.

Abin dariya, ba doki ne ya fara ba shi wuya ba, magana ce. An ce ya shigo mashaya ya ce, "Ban zo neman rigima ba, Sherif." Kalma shida! Sau goma sha tara ana maimaitawa. Yana faɗinta kamar mai karanta sanarwa a coci. Darakta, wani gajeren mutum mai suna Mista Kessler, ya jefar da hularsa ƙasa ya ce, "Ɗana, na ga turken shinge da ya fi ka motsi!" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Jarumar fim ɗin, Corinne Ashby, wadda na ɗauka za ta yi girman kai, ita ce ta ja shi gefe ta ce, "Kai da kake sa 'yan mata kuka da waƙa? Wannan ma waƙa ce, kiɗan ne kawai aka cire." Aka sake ɗauka, ya faɗe ta a hankali yana kallon sherif ido cikin ido, har tsigar jikina ta tashi. Mista Kessler ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya mayar kansa, wai a wurinsa yabo ke nan.

Ranar hawa kuwa ban iya karyawa ba. Dokin da aka ba shi ba irin Maybelle ba ne, wani ƙaton ingarma ne mai ruwan zinariya. Dell zai shigo gari a kansa yana waƙa, ana sakin kiɗan ta lasifika yana bi. Wanda ke kula da lasifikar ya sake ta da ƙarfi, doki ya firgita, ya yi haniniya ya miƙe tsaye da ƙafafun baya. Na rufe ido ina kiran sunan Allah. Da na buɗe, Dell yana nan daram a kan sirdi, ya kwanta a wuyan dokin yana rera masa waƙar a kunne. Doki ya sauko, ya yi taku biyu, ya shiga gari kamar ba abin da ya faru. Mista Kessler yana ta ihu kada a tsayar da kyamara. Wannan wurin yana cikin fim ɗin, kowa ya ɗauka shiri ne. Wani tsoho mai kula da dawakai ya tofar da taba ya ce mini, "Ko wane ne ya koya wa yaron nan, ya san doki." Na ce, "Ubanmu ne," da ƙarfi har mutane suka juyo.

To ranar Asabar biyar ga watan nan aka fara nuna fim ɗin, kuma Dell ya dage sai a Dalhart za a fara, da ƙarfe biyu na rana don manoma su samu zuwa. Ban taɓa ganin garinmu haka ba. 'Yan mata daga Amarillo cike da motoci, 'yan badujalar makaranta, layi har ya wuce kantin magani. Baba ya sa kwat ɗinsa ta aure, wadda ba ta rufuwa a ciki. Muka zauna a layi na uku, ni da shi da Dell da Goggo Opal. Da sunan Dell Hatcher ya fito da manyan haruffa, ihun da aka yi sai da fitilu suka girgiza. Goggo ta yi ta dukan cinyata tana cewa, "Ni na yi masa wankan farko da aka haife shi, ni ɗin nan!" Da aka zo wurin da yake sukuwa a bayan garken shanu, sai kawai Baba ya daka wa majigi tsawa, "Duddugenka, yaro!" Silima gaba ɗaya ta fashe da dariya, Dell ya nutse cikin kujera ya rufe fuska da malafa.

Amma akwai abin da na manta ban gaya wa Baba ba, kuma har yau ina jin haushin kaina. Kusa da ƙarshe ɓarayin shanu suna harbin Dell, ya faɗo daga kan doki, ƙafarsa ta maƙale a likkafa, doki ya ja shi cikin ƙura. Na ji Baba ya ja numfashi. Ya miƙe, ya bi ta kan ƙafafun mutane ya fita. Dell ya bi shi, na bi su. Muka same shi a zaure kusa da mai sayar da gugguru, ya dafa bango. Dell ya ce, "Baba, ba ni ba ne fa. Wani ne mai suna Buck, aikinsa ke nan, faɗuwa. Sau uku ya faɗi ranar, ya tashi ya ci abincin rana faranti biyu." Baba ya dube shi ya ce, "To shi Buck ɗin ba shi da uba ne?" Ban san lokacin da dariya da kuka suka kuɓuce mini tare ba. Baba ya kai hannu ya dafa kafaɗar Dell, ya matsa da ƙarfi kamar mai duba ko ƙashi na nan lafiya, ya ce, "Mu koma, kada a gama ba mu." Muka tarar Dell na majigi ya tashi da ɗaurin hannu, yana rera waƙar ƙarshe, Corinne na gefensa, rabin silima na fyace hanci.

Wata jarida ta ce muryarsa zinariya ce amma wasansa da saura, wata ta ce an samu sabon tauraro. Shi dai an riga an kira shi fim na biyu, ya koma California ranar Talata. Ga abin da nake so ka ji. Jiya bayan coci, matar da ke yanka tikiti, Misis Pruitt, ta ja ni gefe ta ce Baba ya zo sau huɗu a makon nan shi kaɗai. Mu kuwa ce mana yake yi zai je duba abincin shanu. Ta ce kullum layin gaba yake zama, kuma daidai wurin harbin sai ya fito zaure ya tsaya yana duba agogo, minti biyu cif, sannan ya koma ya kalli sauran. Ban nuna masa na sani ba. Da ya ga na ɗauko takarda yau ya tambayi wa zan rubuta wa, na ce kai. Ya yi kamar zai wuce, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Gaya wa Orval in fim ɗin ya kai can ya je ya gani. Ya dubi yadda ƙaninsa ke zama a kan sirdi."

An ce fim ɗin zai isa wurinku Anchorage a watan Janairu. Ko dusar ƙanƙara ta kai wuya, ka ɗebi iyalinka ku je, ka rubuto mini abin da ka gani. Ka dai gargaɗi yara tun daga gida cewa wanda ya faɗi Buck ne.

Ka gaida mini Maxine da kyau, ka ce na gode da safar ulun da ta aiko, Baba ba ya cire ta. Ka shafa mini kan Twila da Jolene. Ka gaida Kawu Harlan in kun haɗu. Goggo Opal tana gaishe ku da dukan haƙoranta. Allah ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa mai ƙaunarka,
Lorene Hatcher