Ciwon Tutiya

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga uba, da fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Jikin Baba na nan yadda ka sani, sai abin da ya ƙaru. Yanzu ko sunana ya ɓace masa, "baiwar Allah" yake kirana. Abin da ya rage masa a duniya shi ne 'yan motocin wasan nan nasa na ƙarfen zubi da ke kabad ɗin gilashi. Kullum da safe sai ya fito da su ɗaya bayan ɗaya, ya goge da tsumma, ya gaya mini ƙirar kowacce da inda ya samo ta. A lokacin nan kaɗai nake ganin ubana.

To motocin sun fara lalacewa, Baffa. Fentinsu yana tsagewa, jikinsu yana kumbura, kuma ba tsatsa ba ce. Shekaranjiya jar bas ɗin ta rabe biyu a hannunsa. Ya yi kuka, ya ce ni na yar da ita. Kai ka yi aikin ƙarfe, ka gaya mini maganin abin. In da hali kuma ka zo ka ga yayanka.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Ƙafa tana nan, ita da ni ba mai sakin wani.

Ba zan ɓoye miki ba, abin nan ba shi da magani. Waɗancan tsofaffin motoci da tutiya aka zuba su, a zamanin da masu zubi ba su iya tace ta sosai ba, sai dalma ta shiga ciki. Ciwon tun daga ranar zubi yake, shekaru kawai yake jira. Daga baya an gyara haɗin, amma ubanki da taurin kai ba ya son na bayan gyaran. Sai na farko, marasa kujera, marasa gilashin taga, masu nauyi a hannu. Ki raba su da danshi, za su ɗan jinkirta. Kada ki sa gam, ɓata lokaci ne.

Abin dariya, don yara aka ƙera su. Nawa na gurje su a ƙasa har tayoyin suka fita, na more abina. Yaya kuwa ko kwalinsu bai yarda a taɓa ba. Da manya suka fara tara su kamar kayan tarihi, har gida ya zo ya yi mini gori. Ga shi nawa sun mutu a wasa, nasa suna mutuwa a kabad. Na rubuta wannan ina dariya, sai kuma na daina.

Zuwa kam sai ƙafa ta yarda. Allah Ya yi miki albarka.
Baffanki

*

Zuwa ga Baffa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na yi yadda ka ce, na ɗauke kabad ɗin daga jikin bangon banɗaki. Bai hana komai ba.

Koriyar motar ɗaukar kayan nan, wadda ya fi so, ta tafi. Na buɗe kabad na tarar gindinta ya marmashe kamar busasshen sabulu. Na share na ɓoye kafin ya tashi. Tun ranar ya daina cin abinci. Sai ya zauna gaban kabad yana shafa gurbinta, yana tambayar duk wanda ya shigo ko ya ga motarsa. Likita ya ce in aka ci gaba a haka sai an kwantar da shi.

Na zaga shagunan kayan wasa har na samo irinta sabuwa, cikin waɗanda ake sake ƙerawa don masu tarawa. Koren ya fi haske, tana da tagar roba, ga ta shafal a hannu. Tana cikin jakata, na kasa fito da ita. Ban taɓa yaudarar Baba ba, kuma tsoro nake ji.

Ka yafe mini in na yi rashin kunya, Baffa, amma maƙwabcinka direba ya ce kullum yana ganinka a kasuwa da ƙafarka. Na san abin da kake gudu. Ni kullum da shi nake kwana nake tashi.

'Yarka, Auta

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Direban nan bakinsa ya fi motarsa gudu. Amma bai yi ƙarya ba. Ba zan iya tsayawa gaban Yaya ya tambaye ni ko ni wane ne ba. Ki bar ni da wannan.

Motar kuwa ki saka ta, kada ki ji komai. Ba za ki iya yaudararsa ba ko kin so. Mutumin da ko ido rufe aka ɗora masa mota a tafin hannu zai gaya miki zamanin da aka zuba ta? Yana ɗagawa zai ji babu nauyi, ya jefe ki da ita, ya zage ki tas. To wannan faɗan nake so. In ya yi faɗa yana nan ke nan, kuma mai faɗa yana jin yunwa. Ki rubuto mini duk zagin da ya yi, kada ki rage ko ɗaya. In na karanta, wataƙila in samu ƙarfin zuciyar shiga mota.

Allah Ya ba ki lada.
Baffanki

*

Baffa,

Ina gaisuwa.

Na saka ta. Da safe ya buɗe kabad, ya ɗauka, ya juya ta a hannu, ya leƙa tagar robar. Na tsaya kusa da shi ina jira. Sai ya goge ta da tsumma, ya mayar gurbinta, ya ce, "Yauwa, ga ta nan. Baiwar Allah, akwai abinci?"

Ya cinye tas. Likita ya ce an samu ci gaba, maƙwabta suna ta yi mini barka.

Ba ni da zagi ko ɗaya da zan rubuto maka, Baffa.

Ka huta lafiya.
Auta