Shirun da na yi a kan Bidi

Zuwa ga Yayana Modu, wanda ya riga mu gidan gaskiya. Aminci da rahamar Allah su lulluɓe makwancinka. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina sanar da kai halin Bidi, dokin da ka bar mini amana.

Ƙari ya fito masa a ƙasan ciki, har ya daina cin harawa. Likitan dabbobi bai ɓoye mini komai ba. Ya ce sai an sa shi barci kafin a yanke ƙarin, kuma barcin doki ba wasa ba ne: wani numfashinsa kan ɗauke, wani nauyin jikinsa kan danne masa huhu, wani kuwa yakan farka a firgice, ya zabura tun ƙafafunsa ba su dawo ba, ya karye, sai harbi. Na ji, na amince.

Ka san yadda ka sabar da shi. Bayan Asuba kakan fito da karatu a bakinka, dusa a hannunka, da ya ji muryar sai ya miƙe. Kakan ce, "Bidi ya fi wasu ɗalibanka ladabi." Ni ma a kan haka na ci gaba da shi.

Saboda haka ranar aikin, da aka kwantar da shi aka rufe masa ido, sai na koma bayan katangar asibitin dabbobin na kame bakina. Da ya fara farfaɗowa, ina jin nishinsa. Maƙwabtan da suka rako ni daga unguwarmu ta Hausari suka matsa in je in yi masa tofi. Na ƙi.

Yanzu a zaurukan garinmu Yerwa ana cewa na fifita allurar Bature a kan addu'a, har wasu sun daina zuwa ɗaukar karatu a wurina. Su faɗa! Wanda nake roƙo ba ya bukatar a ɗaga masa murya. Da Bidi ya ji ni, da biyayya ta tashe shi, da ta karya shi. Ba zan nemi afuwar kowa ba.

Yaya, sai da ƙarfinsa ya dawo ya miƙe da kansa, yana rawar jiki. Sannan na fito. Ya ɗora kansa a kafaɗata, na karanta masa duk abin da na riƙe.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sada mu a Aljanna.

Ƙanenka mai kewarka,
Bukar